Aikin Inuwa

Ruwan bana ya zauna. Yau kwana uku rana ba ta fito ta yi abin kirki ba. Tufafi sun ƙi bushewa bisa igiya, gishiri ya jiƙe cikin kwano, ashana sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Da safen nan na zagaya bayan gida na ɗaga zanar rudun da muke ajiye albasa, warin ya tarbe ni tun ban sa kai ba. Duk wanda ya taɓa ajiyar albasa ya san warin nan, ɗan zaƙi-zaƙi, ɗan tsami-tsami, da wani ɗumi a cikinshi. Ruɓa ta shiga ke nan, sai a zauna a tsince kafin ta cinye sauran. Na saki zanar na koma jikin itacen dogon yaro na jingina. Shekara goma sha biyar ke nan, har yau warin nan bai taɓa iske ni a shirye ba.

Mu biyu ne wurin Inna, Yaya Sahabi da ni. Shi ne ɗan fari, don haka ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba. "Yayanka" take cewa, ko "wancan", in kuwa ya ɓata mata rai ta ce "mijin Luba". Baba ya rasu muna samari, gandu ya dawo hannun Yaya, kuma wallahi ya riƙe shi. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, in ya yi dariya a fadama har masu ban ruwa ƙetaren gulbi sai sun ɗago kai. Ni kuwa gajere ne mai saurin fushi, har gobe. Sunana Bello, amma tun ina ƙarami Yaya ya laƙaba mani Barkono, sunan ya bi ni har 'ya'yana sun taso sun iske shi.

Mu nan tsakanin Wurno da Goronyo, gero na ci ne, albasa kuwa ita ke yi mana sutura, ita ke aurar da 'ya'ya, ita ke kai mutum asibiti. Muna dasa ta bakin gulbin Rima in ruwa ya janye, mu yi ta ban ruwa har bazara, sannan mu cire. Wanda ya matsu ya sayar nan take, lokacin da kowa ke da ita. Mai haƙuri kuwa ya ɗaura rudu: a kafa gwafanni, a shimfiɗa kara bisa, a kewaye da zana, a kifa jinka, a jera albasa ciki ta jira watan da za ta yi daraja. Yaya mai haƙuri ne. Rudunshi uku ne a bayan gida, kuma ba ya yarda kowa ya jera mashi.

A shekarar da nake faɗi, muna cikin dashe wani kumburi ya fito mashi a wuya. Ya ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba, sai ma wata ta fito a hammata. Anka yi jiƙe-jiƙe, anka yi shafe-shafe, mutum yana ta zubewa, kullum sai ya ƙara tsuke mazagin wando. Daga ƙarshe na yi mashi tsiya irin tawa, na ce ko ya shiga mota da ƙafarshi ko in ɗauke shi in saka. Munka tafi asibiti Sakkwato. Can anka yanki ɗan naman wuyan anka auna, anka ce ciwon daji ne, amma irin wanda ke jin magani in an dage.

Maganin ta jijiya ake ƙara shi, duk bayan mako uku. Ban taɓa ganin magani mai mugunta irinshi ba. In munka dawo sai ya yi kwana uku yana amai, ko ƙamshin miya ba ya so. Gashin kanshi ya zube, gemun da yake taƙama da shi ya bi, har gira. Ya duba madubin Luba ya ce, "To, Barkono, yanzu ka hi ni gemu, sai ka karɓi girman." Amma kumburin ya fara sacewa, muna gani da idonmu.

Likitar da ke duba shi mace ce, siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ni ta kira gefe, don ta lura ni ne mai tsawa a gidan. Ta ce maganin nan yana kashe ciwon, amma yana kashe masu tsaron jiki tare da shi, garkuwar jikin Yaya ta yi ƙasa ƙwarai. "Abin da zai sa ka atishawa kawai," in ji ta, "shi zai iya kwantar da shi." Ta lissafa mani: kada ya shiga rana, kada ya yi aikin ƙarfi, kada ya shiga taro, kada mai mura ko tari ya matso shi, ruwan shanshi a tafasa, kada ya ci ɗanyen abu. Na haddace su kamar karatun allo. Ba ta yi zancen albasa ba, ni ma ban yi ba. Mi zai kawo albasa cikin zancen asibiti?

Na kuwa tsare dokokin nan da zafina duka. Na hana shi kasuwar Achida, na hana shi zaman majalisa, ranar Juma'a ma sai dai ya yi azahar a ɗaki. Masu zuwa dubiya a zaure nake tsayar da su ina duban hancinsu. Akwai tsohuwar da ta taso tun daga Raba, ta yi tari sau ɗaya a ƙofar gida, na ce ta gaishe shi daga nan ta juya. Har ta rasu ba ta ƙara amsa gaisuwata da daɗi ba.

Bazarar ta zo da zafin da ya fi na kullum, ko kuwa ni ne na ji ta haka don ina ni kaɗai. Ƙasar fadama ta tsattsage, in ka taka ba takalmi sai ka yi rawa. Ruwan randa ma ɗumi gare shi. Ni da 'yan ƙwadago munka cire albasa, munka yanke ganye, munka baza ta ta sha iska, jakuna sunka yi ta jigila zuwa gida. Yaya yana kwance bisa tabarma ƙarƙashin dogon yaron nan, yana ba da umurni da muryar da ba ta kai rabin tashi ba. "Manya ƙasa, ƙanana bisa. Kai, kada ka jehwa ta kamar dutsi!" Ranar da munka rufe rudu na uku ya ce in kama shi ya tashi. Ya zagaya su yana dafa zana, ya koma ya kwanta ya juya mana baya.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, da iska da ƙamshin ƙasa. Washegari gari ya watse gona. Maza na gaba da sungumi suna sara, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin shuka ba Yaya a gaba ba. Wannan karon yana zaune ƙofar gida da hula har kunne, kowa ya zo wucewa ya ce mashi sannu. Sannun nan ta fi ciwon ci mashi rai. Gero ya tsiro, munka shiga noman farko, shi yana nan inda munka bar shi. Abinci ma ya rage ci. Luba ta same ni tana share ido da gefen zane ta ce, "Ko magana ya bar yi, sai kallon bango."

Wata rana na dawo gona da yamma na iske shi a zaure riƙe da hauyarshi, yana shafa ƙotar inda hannunshi ya cinye ta har ta yi santsi.

"Yaya, aje ta mana."

"Barkono, hwaɗa mani gaskiya. Mi ne amhwanina cikin gidan ga? Akuya ta hi ni. Ita ko ba komi tana ba da taki."

Na buɗe baki in yi mashi faɗa, abin da na iya ke nan, sai na ga idanunshi. Na juya na fita. Zuciyata ta karye ranar nan, don ban taɓa zaton zan ga Yaya Sahabi yana auna kanshi da akuya ba.

Bayan 'yan makonni ruwa ya zauna kamar na bana, warin ya tashi daga rudu. Ga ciyawa ta taso wa gero, ga ruɓa ta shiga albasa, ni kuwa hannu biyu gare ni. Ina tsaye ina tunanin wanda zan bari, sai dabara ta faɗo mani. Na ƙirga dokokin likita da yatsu. Tsintar albasa ba a rana ake yi ba, a inuwa ne. Ba ƙarfi, a zaune ake yi. Ba taro, mutum shi kaɗai ne da albasarshi. Ba cin ta zai yi ba balle a ce ɗanya ce. Wallahi har murmushi na yi, na ga duk ƙasar Wurno ba wanda ya kai ni hankali.

Na je na ce mashi, "Yaya, rudu na ruɓewa, ni kuwa ban iya tsinta ba. Jiya na zubar da masu kyau na bar ruɓaɓɓu." Ƙarya nake, amma ta yi aiki. Ya ɗago kai ya ce, "Da ma yaushe ka iya? Kawo mani kujera."

Ban tsaya ga kujera ba. Na ce kada iskar damina ta buge shi, kada feshin ruwa ya taɓa shi. Na samo zana biyu sababbi na kewaye bakin rudun, na rataya tsofaffin buhuna ta inda iska ke shigowa, na toshe ko'ina. Wurin ya zama ɗan ɗaki mai ɗumi. In ya gama da rudu ɗaya in ciro zanar in kafa mashi a na gaba. Da hannuna na yi wannan, ina yi ina jin daɗi.

Aikin ba wuya gare shi ba. Ka ɗauki albasa ka latsa wuyanta, in ta yi taushi ka jefa kwando. Wadda ta fara kamuwa, in ka ɓare ɓawon sama za ka ga wani baƙin gari kwance a ƙarƙashi, mai laushi kamar kwalli. Hunhuna ce, kowa ya san ta, ba wanda ya taɓa tsoronta. Yaya ba ya zubar da irin wannan. Sai ya murje baƙin da babban yatsa, ya kai ta bakinshi ya hure, ya aje ta gefe don miya. Yini guda yana murzawa yana hurewa. Da yamma in ya fito sai ya fyace hanci, abin ya fito baƙi, ya yi dariya ya ce yau hancinshi ya sha kwalli, idon Luba bai samu ba.

Mutum kuwa ya dawo. Ya fara cinye tuwonshi yana neman ƙari. Muryarshi ta buɗe, daga tsakar gida kana jiyo shi bayan zana yana zagin ɓeraye. In ruwa ya koro ni daga gona nakan shiga in tsuguna kusa da shi, muna jin ruwan na dukan jinka, shi yana tsinta yana tsara mani baɗi: za mu ƙara fili, za mu sake injin ban ruwa, rudu zai zama biyar. Ya ce kuma bana shi zai fara gasa tumu a gidan, in gero ya nuna kada wanda ya riga shi karya zangarniya. Inna, wadda kunyar ɗan fari ba ta bari ta zauna kusa da shi, sai ga ta ta ɗauke tsinkar ramarta daga tsakar gida ta koma ƙofar baya, wai can ya fi haske. Ba ta duban shi. Amma in an jima sai ta tashi ta kai kwanon tafasasshen ruwa ta aje bakin zana, ta ce wa iska, "Ga ruwa nan in akwai mai so."

Cikin haka azumi ya kama. Azumin damina ba ƙishirwa ke wahalar da mutum ba, yunwa ce. Rumbu ya yi ƙasa, sai an zura jiki har ƙugu kafin a taɓo dami, sabon gero kuwa bai gama fitar da kai ba. Kunun buɗa baki ya tsinke har kana hango gindin ludayi. Kwaɗon rama da na tafasa su ke cika ciki. Muna maimai, noma na biyu, cikin laka, rana ta fito bayan ruwa ta dafa mutum cikin rigarshi, sauro kuwa ko da rana ba ya ɗaga ƙafa. Likita ta hana Yaya azumi, abin yana ba shi kunya, sai ya mai da shi wasa, wai shi da masu jego ƙungiyarsu ɗaya. Ranar bakwai ga wata, muna buɗa baki, Inna ta turo mani ƙwaryar fura ta ce a hankali, "Auta, Allah shi yi maka albarka. Ka maido ma yayanka rai." Na sha furar nan kaina ya yi girma.

Tarin ya fara kamar wasa, busasshe, jefi-jefi. Sai zazzaɓi. Likita ta taɓa ce mani in jikinshi ya yi zafi mu taho nan take, amma a watan nan rabin gari na kwance da zazzaɓin sauro, hanya ta cika da ruwa, ranar komawarmu asibiti kuma ta kusa. Na ce mu ɗan jira. Anka kira mai kemis ya yi allurai, zazzaɓin ya ƙi sauka.

Ni kuwa na shiga neman wanda ya kawo mana ciwo. Na ji an ce Mamman, abokin Yaya na Tursa, ya zo dubiya ina gona, kuma yana jan hanci. Na hau babur da azumi a bakina har Tursa, na same shi cikin mutane, na wanke shi tas. Na ce in wani abu ya sami ɗan'uwana, shi ne. Bawan Allah bai rama ba, ya ce, "Allah shi ba shi lahiya," ya sunkuyar da kai. Na dawo gida na iske Yaya cikin zana yana tari yana tsinta. Na ce a raina gara haka da kwanciya, na ƙara gyara mashi buhun da iska ta ɗage.

Kwana biyu bayan nan Luba ta biyo ni gona da gudu, abin da ba ta taɓa yi ba. Na iske shi dafe da ƙirji, numfashi sama-sama, ga jini jawur bisa ɓawon albasa a gaban kujerarshi. Hanyar garinmu ta zama tafki, mota ba ta shigowa. A amalanken shanu munka shimfiɗa shi, na riƙe mashi lema har bakin kwalta. Inna ta rako mu iyakar ƙofar gida ta tsaya. Tana nan tsaye har munka ɓace mata. Munka sami mota munka bi ta Wurno, ta Achida, kanshi bisa cinyata, ina jin zafin jikinshi ta cikin wandona.

A asibiti anka sa mashi robar iska a hanci. Anka auna tarin fuka, babu. Anka yi ta ɗura mashi magungunan ciwon huhu masu ƙarfi har kwana biyar, zazzaɓi ko gezau. Sai anka sa shi cikin babban injin hoto, anka kuma ɗauki kakin da yake tofarwa anka kai ɗakin awo. Bayan kwana biyu, da hantsi, likitar ta zo ta ja labulen gadonshi don idonshi na rufe, ta tsaya da ni nan bayan labulen.

"Malam Bello, wane aiki yake yi a gida?"

"Aiki? Ko tsinke ban bari ya ɗauka ba, likita. Rana ba ta gan shi ba, kasuwa ba ta gan shi ba." Har da ɗaga murya nake, ina jiran yabo. "Sai 'yar tsintar albasa da na ba shi cikin inuwa, don ya rage zaman banza."

"Albasa mai ruɓewa?"

"Awo. Yana hidda ruɓaɓɓun."

"Mai baƙin garin nan?"

"Ita. Yana hurewa ya aje masu sauran amhwani."

"A fili yake yi, ko a rufe?"

"Haba, na ruhe mashi wurin sarai. Ko iska ba ta shiga."

Ta cire tabarau ɗinta ta riƙe a hannu. Ni kuwa murmushin bai gama barin fuskata ba.

Sannan ta ce abin da ke cikin huhun Yaya ba irin ciwon huhun da anka saba gani ba ne, shi ya sa magungunan sunka ƙi ci. Hunhuna ce. Irin wadda ke fitowa jikin albasa da tsohon hatsi da ruɓaɓɓen kara. Ƙwayoyinta na yawo cikin iska, ni da ita muna shaƙarsu kullum, jikinmu ya kashe su ba mu ma sani ba. Shi kuwa ba mai tsaro a jikinshi, sai ta sami wuri mai ɗumi da danshi ta tsiro, tana cin huhun tana huda hanyoyin jini.

Na ce, "Likita, kina nuhin albasar..."

"Ba zan iya rantse maka cewa daga nan ta shiga ba," ta ce. "Tana ko'ina. Da na san akwai irin wannan aikin a gidanku, da na sa shi cikin abin da na lissafa maka."

Don ta sauƙaƙa mani ta faɗi haka, na sani. Amma ni na ga yatsan nan yana murzawa, na ga bakin nan yana hurewa, kwana ashirin da wani abu, cikin ɗakin da na toshe da hannuna. Na zauna a ƙasa nan tsakiyar ɗakin marasa lafiya, mutane na kewaye ni suna wucewa.

Akwai magani, in ji ta, amma babu shi a garin, sai an aiko daga nesa. Na koma gida a ranar. Na yaye zanar nan na watsar, na kira dillali ya kwashe rudu ukun, ban ko tsaya ciniki ba. Yana cika buhu yana yabawa. "Kai, wa ya tsince maka wagga? Ko tabo babu. Wanga ya san aiki." Na ce mashi ya ɗaure buhunshi ya bar ni.

Maganin ya iso bayan kwana huɗu. Ranar da anka fara sa mashi, da azahar, Yaya ya buɗe ido ya yafito ni. Na kai kunne bakinshi don muryar ta tafi.

"Rudun gabas... ban ƙare ba."

"An ƙare, Yaya. Kwanta."

Na riƙe hannunshi. Har lokacin akwai sauran baƙi a ƙarƙashin farcen babban yatsan. Na ce, "Yaya, akwai maganar da likita ta..."

"Na ji," ya ce. "Labule ne tsakani, ba bango ba." Ya tsaya ya ja iska, ya ƙara ja. "Kada ka hwaɗa ma Inna. Ita ke kai mani ruwa can. Sai ta ce da ita anka yi."

Na ce, "Ni na kashe ka, Yaya."

"Kai dai Barkono, komi sai ka yi zahi." Ya ɗan matsa hannuna. "Na ji daɗin aikin nan. Ka ji? Yi mani alkawali."

Na yi mashi.

Ya cika bayan kwana biyu, saura uku Sallah, da hantsi, ana yayyafi. Ciwon dajin da munka je yaƙi da shi, likita ta ce ya kusa ƙarewa, saura zuwa biyu a sallame mu. Munka kawo shi gida munka rufe shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba, ɗan fari ne. Sai da na zagaya bayan gida na same ta zaune inda take tsinkar rama, da kwanon ruwan nan bisa cinyarta. Mako guda bayan Sallah gero ya nuna, anka fara gasa tumu, ƙamshin ya cika gari. An yi amfani ƙwarai a shekarar. Ban iya cin ko zangarniya ɗaya ba.

Na koma Tursa na durƙusa gaban Mamman, cikin mutanen da na ci mutuncinshi a gabansu. Ya ce mi ya sa na gane ba shi ba ne, na ce na dai gane. Luba ta gama takaba ta koma gidansu a Rara, ta yi wani aure can. Har yau in ta gan ni wurin biki ko rasuwa sai ta ce ba ta manta alherin da na yi wa mijinta ba. Nakan ce ba komi.

Yanzu abubuwa sun ɗan sake. Mota na shigowa garinmu ko da damina, kowa da waya a aljihu, takunkumin rufe hanci kuwa ba wanda bai san shi ba. Albasa dai tana nan tana ruɓewa yadda ta saba. Ni a fili nake tsintar tawa, in yaye zana ta ko'ina, in ɗaure hanci, ruɓaɓɓu in haƙa rami in binne. Ba a hure albasa a gidana. Ana yi mani dariya, wai Barkono na tsoron abin miya. In na ji wani gida akwai mai jinya irin ta Yaya, ko mai ciwon suga da ya yi nisa, ko wanda ya daɗe bisa magani mai ƙarfi, nakan taka in je in ce kada a bar shi kusa da rudu, ko cikin rumbu, ko wurin tsohuwar harawa. In an ce wa ya faɗa mani, in ce wata likita. Iyakar abin da nake faɗi ke nan.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa tukuf. Suga ya kama ta, ga maganin ciwon gaɓɓai da ta daɗe tana sha, wanda anka ce shi ma yana raunana garkuwar jiki. Zaman banza ya ishe ta, kullum cikin mita take, wai an mai da ita kayan ɗaki. Da safen nan, ina jingine jikin dogon yaro, sai na ji ana jan wani abu a ƙasa. Na waiga. Inna ce, sanda a hannu ɗaya, da ɗayan tana jan kujera 'yar tsugunne, ta nufo bakin rudu.

"Inna, ina za ki?"

"Na ji wari. Bari in tsince maka, ko na rage zama. Aikin inuwa ne, bai hi ƙarhina ba."

Ban san lokacin da na fizge kujerar ba. Na daka mata tsawa, ni, uwata, irin tsawar da ban taɓa yi mata ba. Na ce ta koma ɗaki, kada in ƙara ganin ƙafarta a bayan gidan nan. Mata sunka leƙo daga tsakar gida sunka koma.

Ta tsaya tana dubana. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

"Yayanka ka bari," ta ce a hankali. "Har zana ka kewaya mashi don kada iska ta taɓa shi. Ina gani. Kullum na tuna sai na sa maka albarka." Ta gyara riƙon sandarta. "Da can kana da tausai, Auta."

Maganar ta taso mani har maƙogwaro, shekara goma sha biyar tana nan zaune. Na tuna hannun nan da ya matsa nawa. Na haɗiye ta.

"Awo, Inna," na ce. "Da can ina da tausai."

Na kama hannunta na mai da ita ɗaki a hankali. Na dawo na ɗaure hancina, na yaye zanar.